Mota ta ƙi tashi: yadda ake bin wuta daga batir har zuwa buji

Da sassafe cikin hunturu, ko da la'asar a watan Afrilu bayan mota ta wuni a rana a bakin Kasuwar Dole, mai ita ya murɗa makulli ta ƙi tashi. Abin da baki ke fara furtawa shi ne batir ya mutu, kuma wani lokaci haka ɗin ne. Sai dai sau da yawa ana sayen sabon batir, mota ta yi kwana huɗu tana tashi, ta koma gidan jiya. A ce demarer ne, a kwance shi. A ce alternater ne, a kai wa mai gyara. Kuɗin kaya uku sun tafi, alhali laifin yana jikin waya ɗaya da ta yi tsatsa a ƙarƙashin noti. Wutar mota aunawa ake yi, kuma awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi a daidai lokacin da ake murɗa makulli, lokacin da wayoyi ke ɗauke da nauyi.

Sunayen kayan mota a Damagaram biyu-biyu ne, na Faransanci da waɗanda suka shigo ta hanyar Kano. Buji shi ne fulogi, bobin shi ne kwayil, demarer shi ne kik, alternater kuma tsofaffin makanikai har yanzu dinamo suke ce masa. Duk wanda aka faɗa maka a garaji, abu ɗaya ne.

Kayan aiki da kiyaye kai

Kana bukatar mita mai nuna lambobi, da fitilar gwaji (ƙwan fitilar mota mai wat 21 da aka ɗaura wa waya biyu ya isa), da sifana 10, 12 da 13, da burushin ƙarfe ko samfefa, da wayoyin jona batir masu kauri. Kana bukatar mutum na biyu kuma, wanda zai murɗa makulli kai kana kallon mita.

Sa giya a firi, ja birkin hannu. Cire zobe da agogon ƙarfe, domin batir na iya tura ɗaruruwan amfer ta cikin zobe ya gasa yatsa. Kada a kusanto da taba ko ashana, musamman batir ɗin da aka gama caji, saboda iskar da ke fita daga cikinsa tana kama wuta. In za ka cire batir, fara da kan − sannan kan +; wajen mayarwa kan − ne na ƙarshe. Dalili kuwa, duk ƙarfen jikin mota a jone yake da kan −, saboda haka in sifana tana kan + ta taɓa bodi alhali − na jone, tartsatsi ne nan take.

Saurara tukuna

Kafin a buɗe kafo, wato murfin injin, murɗa makulli mataki ɗaya ka dubi fitilun tabulo, allon da ke gaban direba, sannan ka kunna fitilar cikin mota ka murɗa har ƙarshe kana kallonta.

In babu fitila ko ɗaya da ta kama, wuta ba ta fita daga batir: ko ya mutu murus, ko kai ya kwance, ko babban fiyus na kusa da batir ya tsinke. In ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri fitilu na lumshewa, wuta ce ba ta isa ba. In ƙat ɗaya ne mai ƙarfi fitila kuma ba ta rage haske ba, hankalinka ya koma kan demarer. In shiru ne gaba ɗaya fitilu na haske garau, saƙon makulli ne bai isa demarer ba. In demarer ya yi fiiii shi kaɗai injin bai motsa ba, haƙoransa ne ba su kama ba. In kuwa injin na juyawa da ƙarfinsa kamar kullum amma bai kama ba, ka bar zancen batir da demarer, aikin yana wajen tartsatsi ko mai.

Batir

Batir na bolt 12 yana da ɗaki shida a ciki, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. Sa mita a wurin V mai layi miƙaƙƙe, a kan 20, jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. In yanzu aka kashe motar ko yanzu aka sauke batir daga caji, kunna manyan fitilu minti ɗaya ka kashe, ka jira minti biyu, in ba haka ba lambar za ta fi gaskiya yawa.

Bolt 12.6 ko sama kaɗan, batir a cike yake. Bolt 12.4, kusan kashi uku cikin huɗu. Bolt 12.2, rabi. Bolt 12.0 mutane na ganin sha biyu su ce ai lafiya lau, alhali saura kwata. In ka ga lamba a kewayen 10.5 kuma caji bai ɗaga ta ba, ɗaki ɗaya ya mutu, wannan batir sai canji.

Wannan awon rabin labari ne. Tsohon batir na iya nuna 12.6 a zaune, da an ɗora masa nauyi ya durƙushe. Bar tsinken mita a kan dalmar batir, abokin aikinka ya murɗa makulli na daƙiƙa biyar. Lafiyayyen batir zai sauka zuwa 10 ko 11 ya tsaya nan. Ƙasa da 9.6 ga batir ɗin da aka cika shi da caji yana nufin ya gaji, ko kuma demarer na jan wuta fiye da ƙima, za mu zo kansa. In ya faɗi zuwa 5 ko 6 nan take, babu sauran magana.

Mutane na ɗora wa sanyi laifin mutuwar batir, amma a nan zafi ne ke kashe shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40 a inuwa, cikin kafo ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir na ƙafewa, farantan dalmar ciki na cinyewa. Batir ɗin ya lallaɓa ya wuce damina, sai safiyar hunturu ta zo, man injin ya yi kauri, ƙarfin batir ya ragu, nan asirinsa ke tonuwa. Saboda haka wanda batir ɗinsa ke da marufai ya riƙa buɗewa duk wata a lokacin bazara. Ruwa ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ya yi ƙasa, ruwan batir tatacce kaɗai za a ƙara. Ruwan famfo da na rijiya suna da gishiri-gishirin da ke lalata faranti, ruwan leda ma haka. Kada a ƙara asid: ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan, ƙara shi na cin faranti.

Batir ɗin da ya sauka ba alternater ne ya kamata ya cika shi ba. A kai shi caji a hankali, kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai Ah 60 a ba shi amfer 6 na awa goma zuwa sha biyu. Cajin gaggawa na rabin awa yana tada mota yau, yana rage wa batir kwana. In gefen batir ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada a sake jona shi da komai.

Kawunan batir da wayar mas

Nan ne aka fi tsallakewa, kuma nan laifi ya fi yawan ɓuya. Demarer na ƙaramar motar fetur kamar Corolla ko Starlet yana jan amfer 100 zuwa 200 a lokacin tashi, na dizal kamar Hilux yana iya ninka haka. Ɗan tsatsan da ba zai hana rediyo ko fitila aiki ba ya isa ya shaƙe wannan wuta. Shi ya sa kake ganin fitilu na haske, hon na ƙara, mota kuma ta ƙi juyawa.

Fara da hannu. Kama kowane kai ka murɗa. In ya juya a kan dalma, ka sami laifi ɗaya. Al'adar buga ƙusa ko cusa gwangwani tsakanin kai da dalma tana kai mutum gida ranar, amma wurin haɗuwar ya zama ɗan tsinin ƙusa kawai, yana zafi yana cin dalma. Sabon kai ba shi da tsada. Farin gari ko koren da ke taruwa a kai ana wanke shi da ruwan kanwa mai ɗumi, ko bikarbonat cokali ɗaya a kofin ruwa, bayan an cire wayoyin. Zai yi kumfa, alamar yana kashe asid ne. A kula kada ya shiga cikin ɗakunan batir. A ɗauraye, a busar, a goge dalma da cikin kai har su yi ƙyalli, a ɗaure, sannan a shafa ɗan giris a waje. Giris bayan ɗauri ake sa shi.

Sai gwajin da ke raba gardama, wato awon wutar da ke ɓacewa a hanya. Mita tana nan a V 20, ko a 2 in kana son lamba ta fito sosai. Sa tsinke ɗaya a kan dalmar − ta batir, dalmar kanta, ɗayan kuma a ƙarfen injin mai tsabta ko jikin demarer. A murɗa makulli. Lambar da ka gani ita ce wutar da wayar mas, wato wayar da ke haɗa kan − da ƙarfen motar, ke cinyewa, kuma bai kamata ta wuce bolt 0.3 ba. Yi haka a ɓangaren +: tsinke ɗaya a dalmar +, ɗayan a babban notin demarer inda waya mai kauri ta sauka. Kada ya wuce 0.5. In ka ga 1 ko 2, wayar ko ɗaurinta ne ke hana tashi.

Don gane daidai wurin, ka riƙa matso da tsinken mataki-mataki: daga dalma zuwa kai, daga kai zuwa ƙarshen waya, daga ƙarshen waya zuwa ƙarfen da aka ɗaure ta. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne. Tsakanin dalma da kai bai kamata ka ga fiye da 0.1 ba. In babu mita, bayan an murɗa makulli sau biyu ka shafa wayoyin da hannu a hankali. Wurin da ya yi zafi shi ne mai laifi.

Kada ka yarda da awon om, wato awon yadda waya ke tare wuta, a kan waɗannan manyan wayoyi. Waya mai silili ɗari wadda casa'in daga cikinsu suka tsinke a cikin roba za ta nuna sifili a mita, domin mita ƴar wuta kaɗan take turawa. Sai an ɗora nauyi take bayyana halinta.

Mota na da mas aƙalla biyu: daga batir zuwa bodi, da kuma zuwa injin ko giya. Bayan an sauke injin ko an canza kuloci, ana yawan mantawa da na injin ko a ɗaure shi a kan fenti. Alamunsa: demarer na jan ƙafa, wayar totur ko ta kuloci na zafi saboda wuta ta nemi hanya ta cikinsu, allurar zafi na tashi in an kunna fitila. Gwaji mai sauƙi shi ne ka ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala ta daga kan − zuwa ƙarfen injin. In mota ta tashi garau, mas ne.

Demarer

In batir ya ci gwaji, wayoyi ma sun ci, sai a sauka wajen demarer. Waya biyu ke zuwa masa: mai kauri daga batir, wadda ke da wuta dare da rana, da siririya daga makulli, wadda a zanen wayoyi ake ba lamba 50. Sa fitilar gwaji tsakanin siririyar da mas, a murɗa makulli.

Fitila ba ta kama ba: laifin yana baya. A mota mai giya otomatik, gwada tadawa a N maimakon P, ko ka girgiza sandar giya ana murɗa makulli. In ta tashi, makunnin da ke jikin giya ne ya gaji ko ya goce. Wasu masu giyar hannu ba sa tashi sai an take kuloci har ƙasa, su ma da ɗan makunni a saman fedal. Daga nan sai rilen demarer, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, da fiyus ɗinsa, sai kuma bayan gidan makulli, inda tagullar ciki ke cinyewa. Motocin da aka sa wa alam ko makunnin ɓoye na hana sata, yawanci wannan siririyar wayar aka yanka, kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif yana sakewa da zafi.

Fitila ta kama, an ji ƙat, demarer bai juya ba: cikin demarer ne. A demarer ɗin Denso da ke jikin yawancin Toyota, abin da ya fi lalacewa shi ne ƴan tagulla biyu na cikin solenoyid, wato makunnin da ke jikin demarer, da faifan da ke haɗa su. Suna cinyewa, sai mota ta riƙa ƙat sau uku ko biyar kafin ta tashi. Ana canza su kaɗai, ba sai an sayi demarer ba. Na biyu shi ne gawayi, ƴan sandunan da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a cikin demarer. In an ɗan ƙwanƙwasa jikin demarer da mariƙin guduma ana murɗa makulli ya tashi, gawayi ne ya ƙare ko ƙura ta maƙale shi. A ƙwanƙwasa a hankali, domin demarer na zamani maganaɗisu ne a cikinsa, bugu mai ƙarfi na fasa shi.

Demarer mai juyawa da nauyi, batir na faɗuwa ƙasa da 9.6, wayoyi na zafi, yawanci bushin ɗinsa ne ya cinye har cikinsa na gogar bango. Mai yin fiiii shi kaɗai kuwa, bendis ne, wato ɗan haƙoran bakin demarer, ke zamewa, ko haƙoran filawil, babban faifan injin da demarer ke juyawa, sun karye a wani gefe. Sa giya ta huɗu a ɗan tura motar taku ɗaya don injin ya canza wuri, in ta kama to haƙoran ne.

Akwai ƙat ɗin da ba na wuta ba ne. Motar da ta shiga ruwa mai zurfi da damina ta mutu a ciki, kada a sake murɗa mata makulli. Ruwa in ya shiga silinda ba ya matsuwa, demarer zai lanƙwasa sandar fistin. A cire buji duka, a juya injin da sifana daga notin fuli, ruwa ya fita tukuna. Kuma ko a wane hali kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A huta rabin minti ko minti ɗaya, demarer ba shi da abin sanyaya shi.

Injin na juyawa, bai kama ba

A motar fetur, dubi tabulo tukuna. Fitilar injin ta kamata ta kama da an buɗe makulli. In ba ta kama ba, kwamfutar motar ba ta samun wuta, ka nemi fiyus da rilen da aka rubuta wa EFI, ECU ko makamancinsu. In ƴar fitila mai hoton makulli na ƙiftawa da sauri, motar ba ta gane makullin ba. Makullin da aka yanka a kasuwa yana buɗe ƙofa yana juya injin, amma in babu ɗan guntun da ke cikin kan na asali, mota ba za ta ba da mai ba. Gwada ɗaya makullin.

Sai tartsatsi. Cire wayar buji ɗaya ko bobin ɗaya, sa masa buji, kwantar da ƙarfen bujin a jikin injin nesa da ramin, a murɗa. Riƙe da filaya mai roba. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas shi ake so. Ja-ja mai rauni na nuna bobin ya gaji ko wutar da ke zuwa masa ta yi ƙasa. Tazarar bakin buji a yawancin motoci milimita 0.8 zuwa 1.1 ce. A tsofaffi masu delko, na'urar da ke raba wa buji wuta, irin Peugeot 504, buɗe murfin ka duba tsaga, da gawayin tsakiya, da raɓar da ke taruwa ciki bayan ruwan sama.

In babu tartsatsi a ko'ina kuma allurar juyin injin ba ta ko motsi a lokacin murɗawa, zargi na farko shi ne sansar kiranshaf, wadda ke gaya wa kwamfuta cewa injin na juyawa. Halinta sananne ne: mota na tafiya lafiya, ta yi zafi ta mutu, a jira rabin awa ta huce ta tashi. Motocin fetur da aka ƙera don Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar karanta laifi za ta nuna P0335 in sansar kiranshaf ce, P0340 in ta kamshaf ce. Lambar tana nuna layin da ke da matsala ne kawai, saboda haka a duba soket da wayar kafin a sayi sansa. Ɓera na cin wayoyin motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi.

In akwai tartsatsi, saura mai. A motoci da dama famfon da ke cikin tanki na yin zuuu na daƙiƙa biyu da an buɗe makulli. Sa kunne a bakin tanki. Toyota da yawa ba sa haka, sai injin na juyawa famfon ke aiki, kada shirunsu ya ruɗe ka. Auna wuta a soket ɗin famfon ana murɗa makulli. Akwai bolt 12 da mas mai kyau amma shiru, famfon ya mutu. Babu wuta, rile ko fiyus. Yawo da tanki kusan babu mai yana kashe famfo, domin man ne ke sanyaya shi, man kwalba na bakin titi kuma in ya zo da yashi ko ruwa yana toshe rariyarsa.

Dizal ba ta da tartsatsi. Wadda ke wahalar tashi da safiyar hunturu tana fitar da farin hayaƙi, amma da rana lafiya lau, bujin ɗumama ne. Cire haɗinsu, auna kowanne tsakanin kansa da injin: lafiyayye na nuna kamar om 1, wanda ya ƙone ba ya nuna komai. Tabbatar kuma wuta na isa gare su a ƴan daƙiƙun farko. A tsofaffin famfunan dizal akwai ɗan solenoyid mai waya ɗaya da ke buɗe wa mai hanya. In bai ce ƙat ba da an buɗe makulli, injin zai yi ta juyawa a banza. Dizal kuma tana son juyi mai sauri, batir ɗin da ya ɗan yi sanyi zai juya ta amma ba zai tada ta ba.

Alternater

Da mota ta tashi, mayar da mita kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyi, ɗaga totur zuwa juyi 2000. Kada ya sauka ƙasa da 13.5. In yana 12 da wani abu yana raguwa, babu caji. Duba bel tukuna: in ya saki, ko ya yi santsi yana ƙyalli, ko yana kuka da an kunna fitila, ɗaure shi ko canza shi na iya gama aikin. Sai babbar wayar bayan alternater da fiyus ɗinta, sai gawayi da regilater, mai daidaita ƙarfin caji. Sama da 15 kuwa regilater ya lalace, yana dafa batir yana ƙona ƙwayayen fitila.

A tsofaffin motocin Turai da dama, ƴar fitilar batir ta tabulo ita ke ba alternater wutar farko. Ƙwan ya ƙone, caji ya tsaya ko sai an taka totur sosai. In ka buɗe makulli ba ka ga fitilar nan ba, fara daga ita. (Wasu motocin kwanan nan kwamfuta ce ke juya cajin, lambar na hawa da sauka da gangan.)

Juya mita zuwa V mai alamar igiya, ka auna a notin bayan alternater injin na aiki. Sama da 0.5 na nuna diyod ya lalace. Gwajin nan da ake yi na cire kan batir injin na aiki don a ga ko zai mutu, ya dace da motocin da babu kwamfuta a cikinsu, su ma da haɗari. A mota mai injekter wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfuta, abin da ya fi alternater tsada.

Batir mai mutuwa cikin dare

Batir lafiya, caji lafiya, amma in mota ta kwana biyu ba ta tashi. Wani abu na shan wuta a ɓoye. Kashe komai, cire makulli, rufe ƙofofi. Mayar da jan tsinken mita ramin 10A, cire kan −, ka sa mita tsakanin dalma da wayar. Kada a murɗa makulli a wannan hali, fiyus ɗin mita zai tsinke. Jira minti 20 zuwa 30 kwamfutoci su yi barci. Ƙasa da amfer 0.05 daidai ne.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa na jan kusan amfer 0.4, wato kusan Ah 10 a kwana ɗaya. Kwana uku ya cinye rabin batir mai Ah 60. Cire fiyus ɗaya-ɗaya kana kallon mita, wanda lamba ta faɗi da cire shi, layinsa ne. In an gama fiyus lamba na nan, cire babbar wayar alternater, diyod mai yoyo na shan wuta ta baya. Amma kafin duk wannan, dubi abin da aka ƙara wa motar bayan ta baro kamfani: rediyo, amfilifaya, na'urar bin sawu, cajar waya, fitilun ado. Galibi kai tsaye aka jona su da batir.

Fiyus launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya tsinke a mayar da irinsa. In ya sake tsinkewa, waya ce ke taɓa bodi a wani wuri, yawanci inda take ratsa ƙarfe ko maƙogwaron ƙofa. Naɗa masa silin waya ko takardar kwalin taba yana mayar da wayoyin motar su zama fiyus, daga nan gobara ke tashi. Rile kuwa, ƙafafu 85 da 86 su nuna om 50 zuwa 120. Hanya mafi sauri ita ce musanya shi da na hon in iri ɗaya ne.

In abin ya same ka a hanya

Tsakanin Tanut da Damagaram ko a hanyar Gure babu mai caji kusa, sai taimakon wata mota. Tabbatar tukuna duka biyun bolt 12 ne. Manyan motoci da wasu Land Cruiser na dizal bolt 24 suke, batir biyu a jere, kuma jona su da ƙaramar mota na ƙona kayan wutarta. Ganin batir biyu kaɗai ba hujja ba ce: in + na ɗaya ya tafi − na ɗayan, 24 ne, in + da + aka haɗa, 12 ne.

Jan waya daga + na mataccen zuwa + na mai rai. Baƙa daga − na mai rai zuwa ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, don tartsatsin ƙarshe ya tashi can. Motocin kada su taɓa juna. Bar mai ran ta yi aiki minti biyar kafin a gwada, sannan a cire wayoyin daga ta ƙarshe zuwa ta farko.

Turi na aiki ga mai giyar hannu kaɗai: buɗe makulli, giya ta biyu, take kuloci, in ta ɗau gudu a saki. Mota mai injekter tana bukatar ɗan saura a batir don famfo da kwamfuta, in fitilun tabulo ba sa kamawa ko kaɗan turi wahala ce kawai. Bayan ta tashi, in fitilar batir ta ƙi mutuwa, kashe na'urar sanyi da rediyo da duk abin da ba dole ba, kada ka kashe injin sai a bakin garaji, kuma ka leƙa bel: in ya tsinke, a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, allurar zafi za ta hau cikin ƴan mintuna, dole a tsaya.